Buhu Uku na Ruɓaɓɓiyar Albasa

Ku gyara zama, yau labarin Ɗantsoho ne, mutumin da ya riƙe ƙungiyar ƙwallon garinmu kwana biyar cur, wanda har yanzu in iska ta kaɗo daga bayan fili sai an tuna da mulkinsa.

Ga wanda bai sani ba, Taurarin Gulbi ita ce ƙungiyar da mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka haɗu suke mutuwa a kanta. Tana buga gasar ƙwararru, rukuni na biyu. A bana dai abin bai yi daɗi ba. Wasa shida a jere ana lallasa ta, gida da waje, har mutane suka daina tambayar wa ya ci, sai dai su ce, "Nawa anka zuba muna?" Saura wasa ɗaya tak, da Zakarun Kudu, a filinmu na bayan gari. In an ci su, an tsira. In aka yi kunnen doki ko aka sha kashi, sai rukunin ƙasa.

Kuma ba faɗuwar kaɗai ke cin ran mutane ba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Rufa'i, babban dillalin albasa ne a Aliero, filin ma nasa ne. Ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa ranar da ƙungiya ta faɗi, ranar zai tumɓuke turakun raga ya jera rumbunan albasa daga wannan gola zuwa waccan. Kowa kuwa ya san Alhaji ba ya maimaita magana.

Ana cikin wannan ƙunci ne Ɗantsoho ya dawo daga Legas bayan shekara tara. Ya dawo da riga da wando irin na masu horar da 'yan wasa, da baƙin tabarau, da usur a wuya wanda ko wanka zai shiga ba ya cire shi. Kullum da safe yana teburin mai shayi na bakin tasha, inda magoya baya ke taruwa su yi makokin ƙungiya, dab da tandar yayarsa Zaituna mai masa.

"Ku daina zagin yaran ga," in ji shi, yana kaɗa cokali a kofi. "Yara sun iya. Ciwon yana sama. Shugabanni! Mutum ya ƙare rayuwa yana shinshinar albasa, mi ya sani ga ƙwallo? Direba ya girmi mota, mota ta girmi 'yan wasa. Ni da na yi shekara tara cikin babban kulob a Legas..."

"Cikin kulob ko bakin ƙohwa?" Zaituna ta ce, ba ta ko ɗago daga tanda ba. "Hoton da ka aiko muna, babura nig gani jere, kai kana bisa benci da sanda."

"Sashen tsaro kenan, Yaya. Daga nan manya ka hwarawa."

"To Allah shi kai ka sama. Miƙo min farantina."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Mutane sun cika fam, suna neman wanda zai nuna musu inda za su sauke. Kafin hantsi ya dubi ludayi Ɗantsoho ya zama jagoran masu fushi. Ya samo farin ƙyalle ya rubuta da hannunsa, SHUGABANNI SU SAUKA. Ya koya musu yadda za su rera shi, ana tafi biyu a tsakani. Sannan ya ɗebi mutum huɗu majiya ƙarfi suka je jujin bayan kasuwar albasa, suka cika buhu uku da wadda ta ruɓe ta narke, irin wadda ko akuya ta gani sai ta canza hanya. Suka ɓoye buhunan a bayan rumfar 'yan kallo.

"Wagga ita ce doka," in ji Ɗantsoho, yana toshe hanci. "Duk shugaban da ya kunyata mu ranar wasa, da ita za a yi mishi sallama. Ba sani, ba sabo. Kun ji?"

"Mun ji!"

Daga nan aka hau babura wajen arba'in, aka nufi Aliero ana ham.

Sun iske Alhaji Rufa'i a rumfarsa, zaune a kan tabarma, yana duba albasar da ake zuba wa a buhu. Ɗantsoho ya sauka, ya gyara tabarau, ya zaro jawabin da ya rubuta shafi uku.

"Mu, al'ummar magoya baya, bayan dogon nazari..."

"Mi kuke so?" in ji Alhaji.

"Su sauka! Su sauka!" jama'a suka amsa, da tafi biyu a tsakani.

"Na sauka."

Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullai biyu, ya danƙa a hannun Ɗantsoho.

"Ga na mota, ga na ɗakin kaya. Kwana biyat sunka rage, kai ne shugaba. In an ci, hili na nan. In ba a ci ba, na riga na yi magana da masu gina rumbu. Allah shi ba da sa'a." Ya juya ya ci gaba da duba albasarsa, fuskarsa wasai kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Ɗantsoho ya dubi makullan. Shi dai jawabi ya zo yi, saura shafi biyu da rabi. Amma kafin ya buɗe baki an ɗaga shi sama ana kirari, da ya ji shi a kan kafaɗun mutane kuwa sai ya ga ai dama can wurinsa kenan. Ya busa usur.

Aikinsa na farko, korar Baba Magaji, direban da ya yi shekara ashirin yana jan motar ƙungiya.

"Baba Magaji, mun gode da hidima. Ka tahi gida ka huta."

"To. Wa za ya ja mota?"

"Ni. Wanda yat tuƙa a Legas..."

"Mi kat tuƙa a Legas?"

"Abubuwa da dama."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Na ji an ce Mungadi za ka kai yara."

"Sansanin sirri. Ba mai ganin shirinmu. Ranar wasa mu hwaɗo hili daidai lokaci, lasifika bisa mota, gwiwar baƙi ta mutu tun ba a taɓa ƙwallo ba."

"Wasan hwa ranar kasuwa ne, ɗana. Mungadi kuma ƙetaren gulbi take. Gada..."

"Haba Baba! Kasuwar Jega za ka ba ni tsoro da ita? Ni da na ga cunkoson da mace ke haihuwa cikin mota, a yi suna ba a kai gida ba?"

Ya leƙa ƙarƙashin kujerar direba, ya jawo wata tsohuwar jakar fata da ta sha ɗinki, ya cilla masa. "Haɗa da tsummanka. Sabon zamani ba ya son tarkace."

Baba Magaji ya dubi jakar, ya dubi Ɗantsoho, ya rataya ta a kafaɗa ya tafi. A cikinta katunan shaidar 'yan wasa suke, waɗanda in babu su alƙali ba ya barin kowa ya taka fili. Ɗantsoho bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

Aiki na biyu, Safwan. Shi ne ɗan wasan gaba, 'yan ƙwallayen da ƙungiya ta ci a bana kusan duk nasa ne. Ya yi makonni yana ɗan ɗingishi, don ba a taɓa ba shi hutu ba. Koci Jabir, mai horar da su, ya ce a bar shi kwana biyu ana gasa masa da ruwan ɗumi.

"Ruwan ɗumi!" in ji Ɗantsoho. "Sai ka ce mai jego. Hau babur, Safwan."

Ya kai shi Aliero gidan Malam Bala mai ɗori. Suka tarar da layi har waje, wasu daga nesa suka zo, wannan a kan katifa, wancan an tallabo shi. Ɗantsoho ya dubi layin, ya ga bai dace da shugaba ba. Ya busa usur.

"A ba da hanya! Karaya! Karaya mai tsanani! Dukiyar ƙasa ce a hannuna!"

Mutane suka dare, har da wani mai sanda biyu. Malam Bala ya kama ƙafar Safwan, ya latsa nan, ya murza can, ya saki.

"Targaɗe ne. Ƙarami ma."

Ɗantsoho ya ji idon layi duka a bayan wuyansa. Mai sanda biyu ya fara gyaran murya.

"Malam, sake dubawa. A Legas da na'ura muke gani, har idona ya saba. Ƙashin ga ya rabe gida biyu. Ga shi nan ina kallo."

Malam Bala ya daɗe yana dubansa. "Tun kakan kakana muke taɓa ƙashi a gidan ga," ya ce a hankali. "Amma tunda ga idon Legas ya zo, mu su wa?"

Ya jawo karare ya jera su daga idon sawu har gwiwa, ya naɗe da ƙyalle, ya ɗaure tamau.

"Kwana goma sha huɗu, kada shi taka. Kuma ka san ƙa'idar gidan ga, ɗorin da na ɗaura ba mai kwance shi sai ni."

"Sha huɗu? Malam, wasa saura kwana biyat!"

"Da targaɗe ne, kwana uku na so in ce. Karaya kuwa sha huɗu ce."

"To a mai da shi targaɗen."

"An riga an ɗaure. Na gaba!"

Duk faɗin ƙasar nan ba wanda zai sa hannu ya kwance ɗorin Aliero, ko da uwarsa ce ta ce ya kwance. Haka aka kai Safwan gidansu a unguwar Firchin ta Jega, ƙafa miƙe kamar taɓarya, yana hawaye. Da labari ya kai teburin mai shayi aka fara gunaguni, Ɗantsoho ya rage murya ya ce, "Dabara ce. Ɓoye makami ake ce mata. Ba za ku gane ba."

"Ni na gane," in ji Zaituna. "Ka ɓoye shi har ga kanmu."

Washegari ya kwashi sauran 'yan wasa goma sha shida da Koci Jabir, ya ja mota tana tsalle tana tari har Mungadi, ya sauke su a gidan wani kawunsa. Ya karɓe wayoyinsu saboda sirri. Ya ce atisayen Koci Jabir na mutanen da ne, ya kawo nasa. Da safe a saki zabi biyar a fako, duk wanda bai kama ba babu karin kumallo. Ranar farko ba wanda ya karya, zabin kuma suka haye bishiya suna kallonsu. Mai zabi ya zo da faɗa, sai da kawu ya ba shi haƙuri. Rana ta biyu ya hango wani makiyayi tsaye da sanda a kafaɗa yana kallonsu, ya ruga ya tare shi.

"Wa ya aiko ka? Zakarun Kudu ko?"

"Ni shanuna nike jira su wuce," in ji makiyayin. "Kun tsaya bisa burtali."

Bai rufe baki ba garke ya ɓullo. Ƙwararrun 'yan wasan rukuni na biyu suka watse cikin gero, shugaba a gaba. Koci Jabir ya ce wannan ne gudu mafi kyau da ya gani a bana.

Ranar wasa, tun da asuba Koci Jabir yake bin sa.

"Shugaba, mu tahi yanzu. Mu yi zamanmu a Jega."

"Su gan mu? Sirrin kwana huɗu ya tahi banza? Wasa ƙarhe huɗu ne. Uku da kwata za mu tashi."

Uku da kwata suka tashi, cikin sababbin fararen riguna, lasifika a kan mota tana zuba wa Taurari kirari da muryar Ɗantsoho da ya naɗa da kansa. Tun ba su hango gada ba motar ta tsaya. Gaba manyan motocin albasa ne, da na shanu, da na shinkafa, da amalanke, da jakuna, an cushe kamar an zuba da mazurari. Babura ne kaɗai ke silalewa ta wata 'yar kafa a gefe.

"Ku zauna," in ji Ɗantsoho. "Minti biyu."

Ya sauka yana busa usur, yana wulwula hannu.

"Malam mai usur," wani direba ya leƙo ta taga, "mu tun hantsi muke nan. In busa ke buɗe ta, da ham ɗinmu ya buɗe."

"Rashin tsari ne. Kai, ja baya! Karya hagu! Ƙara! Ƙara!"

Direban ya bi umarni don ya ga ƙarshen abin. Motarsa ta karkace ta gindaya, ta toshe 'yar kafar da babura ke bi. Yanzu ko kaza ba ta wucewa. Masu babura suka kashe inji suka fara tambayar wane ne wannan, ɗan gidan wa ne. Ɗantsoho ya koma mota da sauri ya rufe ƙofa.

Sai ga ƙwanƙwasa a taga. Baba Magaji ne, wando naɗe zuwa gwiwa, jakar fata a kafaɗa.

"Na san nan za ni ishe ku. Na aje kwalekwale a mashaya. Mutum bakwai yake ɗauka ban da ni. Sahu uku mun ƙare."

"Kwalekwale?" in ji Ɗantsoho. "Ƙwararru cikin kwalekwale kamar buhunan shinkahwa? Ba cikin mulkina ba. Akwai hanya ta fadama da na sani tun ina yaro, tana ɓulla kan gada ta gehe."

"Shugaba," in ji Koci Jabir, "ni dai na bi Baba."

Ya fice. Mai tsaron gida ya bi shi. Da Ɗantsoho ya tare ƙofa, wasu biyar suka fita ta taga. Kafin sauran goman su yanke shawara ya tayar da mota ya karya kan ta, ta gangara daga titi.

Hanyar da ya sani tun yana yaro tana nan, sai dai shekara shida kenan da aka mai da ita gonar shinkafa. Motar ta yi tafiyar kirki kamar taku talatin, sannan ta yi wani nishi, ta zauna cikin laka har ciki. Lasifika kuwa ba ta fasa ba: "Taurari masu tahiya bisa iska! Ba a tare ku!"

Mai gona ya taso daga inda yake gyaran injin ban ruwa, ya zagaya motar sau ɗaya, hannu a baya.

"Wa ya shuka min mota cikin shinkahwa?"

"Bawan Allah, gaggawa ce ta ƙasa. Yara, ku tura!"

Yara goma suka shiga laka suka dafa. Ɗantsoho ya taka totur iya ƙarfinsa. Taya ta juya a wuri ɗaya, ta yi musu feshi daga kai har ƙafa, fararen riguna suka koma kalar tukunya. Mai gona ya ji tausayi ya kawo shanun huɗa biyu da igiya. Ya durƙusa zai ɗaura a ƙarfen ƙasa, Ɗantsoho ya karɓe.

"Ba nan ba. Kawo ka ga yadda ake yi."

Ya ɗaura a bamba, ƙarfen nan na goshin mota. Aka kora shanu, suka ja, bamba ta ɓalle ta bi su, suka nufi gida da ita a guje tana ƙara a bayansu. Mota ko motsi.

Daga can bakin gulbi aka ji murya: "In kun gama noman, kwalekwale ya dawo!"

Ba wanda ya nemi izinin shugaba. Baba Magaji ya kwashe bakwai, ya dawo ya kwashi ukun da suka rage. Ɗantsoho ya shiga a ƙarshe, takalmi ɗaya ya rage a laka, ya zauna a kan wani tsohon taru.

Abin da ya faru a fili kafin su iso, daga baya ya ji shi, kuma ya ji shi daga baki fiye da ɗari.

Fili ya cika maƙil. A gefe, kusa da turken raga, masu gina rumbu biyu sun zauna da igiyar awo a cinya. Ƙarfe huɗu ta wuce, alƙali yana duba agogo, yana shirin ba Zakarun Kudu wasa a kyauta, sai ga Koci Jabir da mutum shida a guje, jakar fatar Baba Magaji a hannunsa. Aka duba katuna, aka cika takarda. Alƙali ya ƙirga kawuna.

"Shida. Doka ta ce sai bakwai ake farawa. Saura su shigo in sun iso, amma bakwai sai sun cika. Minti biyar na ba ku."

Ɗaya daga masu gina rumbu ya fara warware igiya. Sai Zaituna, wadda kowace ranar wasa take kawo tandarta bakin ƙofa, ta ƙwala ihu: "Safwan hwa? Yana gida kwance! Ba ga Firchin nan ba!"

Babur uku suka tashi tare. Aka kawo shi ƙafa miƙe, aka tsayar da shi ana riƙe da shi. Alƙali ya dubi kararen ya girgiza kai, ya ce ba mai shigar masa fili da itace. Aka rasa mai taɓa ɗorin. Sai wani dattijo ya taso daga benci na uku yana gyara hula. Malam Bala ne, wanda ashe bai taɓa fashin wasan gida ba. Ya durƙusa, ya kwance, ya latsa sau biyu.

"Taka."

Safwan ya taka.

"Yi tsalle."

Ya yi tsalle, ya sake yi, ya dubi ƙafar kamar an ba shi sabuwa.

"Na ce targaɗe ne," in ji Malam Bala. "Hutu yake so, an hana shi. Tahi ka yi aikinka."

Aka fara, bakwai da goma sha ɗaya. Bakwai ɗin nan suka tsaya a gaban raga kamar masu tare ambaliya. Duk da haka kafin hutun rabin lokaci an zuba musu ɗaya.

Daidai nan goman suka shigo, laka na ɗiga. A bayansu ga shugaba, takalmi ɗaya, tabarau ido ɗaya. Ya ga taron da bai taɓa gani ba, ya ga dukan idanu a kansa, sai ƙirjinsa ya buɗe. Ya ɗaga hannu, ya busa usur.

Daga can ƙarshen rumfa wani ya fara, da tafi biyu a tsakani. Aka ɗaga farin ƙyallen nan mai rubutun hannunsa.

"Shugabanni su sauka! Shugabanni su sauka!"

Daɗi ya kama Ɗantsoho, ga waƙarsa ta karɓu. Ya dunƙule hannu ya shiga ciki: "Su sauka! Su sauka!" Sai da ya rera sau uku kafin ya lura ana jan wasu buhuna daga bayan rumfa, kuma duk fuskoki shi suke kallo.

"Tsaya! Jama'a, ku tsaya! Shugabanni hwa na ce!"

"Wa ke shugaba?"

"Ai Alhaji..."

"Ni na sauka tun kwana biyat," in ji Alhaji Rufa'i daga cikin 'yan kallo, yana ɓare gyaɗa. "Gaban shaidu."

"Kai ka ce ba sani ba sabo!" wani ya tuna masa.

Ta farko ta same shi a kafaɗa ta fashe. Ta biyu ta tafi da sauran idon tabarau. Daga nan ba a iya ƙirgawa. Mutum huɗun da suka taya shi cika buhunan su suka fi kowa saiti, don sun san inda mafi narkewa take. Wari ya tashi har 'yan Zakarun Kudu suka ja benci suka koma can nesa. Ɗantsoho ya zura da gudu ya nufi ƙofa, ya taka wata da ta riga shi isa, ƙafa ta gurɗe, ya zube dab da tandar yayarsa.

Zaituna ta fara rufe masarta tukuna. Sannan ta ɗauki babban faifai ta tsaya a kansa.

"Ya isa! Ku bar min saura, ƙanena ne. In akwai mai kashe shi, ni ce."

Daga ƙarƙashin teburin masa ya ji sauran wasan. Mutum huɗu suka shiga aka cika sha ɗaya. Yaran da suka yi kwana huɗu suna bin zabi da gudun shanu suka ga 'yan adam sun fi sauƙin kamawa. Safwan ya farke minti goma da dawowa. Ana saura ƙiris a tashi ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke biyu, ya buga da ƙafar nan da ta sha ɗori. Ihun da aka yi, an ce har masu cunkoson gada sun ji. Masu gina rumbu suka naɗe igiyarsu, ɗayansu ma an gan shi yana rawa. Alhaji Rufa'i ya tashi ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ya zo ya durƙusa bakin teburin masa, ya miƙa hannu ƙarƙashi. Aka sa masa makullai biyu a tafi, ba tare da jawabi ba. Na mota ya miƙa wa Baba Magaji.

"Motar kuma sai an yi girbi," in ji tsohon. "Haka mai gona yac ce."

Washegari da hantsi Zaituna ta sa aka kai Ɗantsoho Aliero. Wannan karon ƙarshen layi ya zauna, ba usur. Da layi ya zo kansa Malam Bala ya ɗago.

"A'a, shugaba! Mi ya samu ƙahwa?"

"Ɗan targaɗe ne, Malam. Ƙarami ƙwarai. Kwana uku ya isa."

Malam Bala ya latsa, ya murza.

"Idon Legas ne ya ce targaɗe?"

"Shi ne."

"To. Wanda idon ga ya ce karaya, targaɗe munka iske. Wanda ya ce targaɗe kuwa..." Ya waiga. "A miƙo min karare. Masu kauri."

Kwana goma sha huɗu ya yi a zauren Zaituna, ƙafa miƙe. Ran farko shiru. Ran na biyu shiru. Ran na uku masu dubiya suka zo, ya gyara kwanciya, ya yi gyaran murya.

"Ku dai ku yi tunani da kyau. Wa ya ba Safwan hutu? Wa ya koya ma yara gudu? Wasa nawa ƙungiya ta buga cikin mulkina? Ɗaya. Nawa ta ci? Ɗaya. A Legas, mai irin wannan tarihi..."

Zaituna ta shigo ta dire masa kwano a gaba, ta buɗe. Ɗantsoho ya shaƙa sau ɗaya, fuskarsa ta canza, ya nemi tashi, ɗori ya hana.

"Yaya, mi ke cikin miyar ga?"

"Albasa. Alhaji ya aiko ma da buhu guda, kyautar tsohon shugaba." Ta sa masa cokali a hannu. "Ci, lahiyayya ce. Kuma sai ta ƙare za a kwance ka."